Wadda Wuta Ta Lasa da Wadda Ta Ci

Ba zan taɓa mantawa da bikin Balki ba, ko da ma na so in manta, domin matan garinmu sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga mota a ƙauyen (can gaba da Matankari yake, ba zan faɗi sunansa ba, abin da suke yi mini ma ya ishe ni) sai wata tsohuwa ta leƙo ta kan darni ta ce, "Likita, a kawo ƙwai?" Ni kuma in yi dariya in durƙusa in gaishe ta, tunda ni na jawo wa kaina.

Lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya. Wata bakwai kacal na yi, ko allura ba a yarda in yi wa mutum ba sai dai lemo, amma a zuciyata na riga na gama zama likita. Da aka ba mu hutun bazara na shirya zuwa biki, sai da na ninke farar rigata ta aiki na sa a jaka. (Kada ku tambaye ni abin da farar riga za ta yi a gidan biki. Ni ma har yau ban sani ba.) Na kuma haɗa da littafin da nake rubuta darasi, ko Allah zai sa wani ya yi mini tambaya.

Balki autar Inna Dela ce. Inna Dela kuwa yayar mahaifiyata ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har na kai shekara bakwai, kafin babana, wanda ke aikin gwamnati a Dogon Dutsi, ya ɗauke ni ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. A bayanta na yi barci, a kwanonta na koyi cin tuwo. Mace ce siririya, marar yawan magana, kuma duk garin an san ta da abu ɗaya: ba a taɓa jin "wash" daga bakinta ba. A wajenmu dama mace ba ta kuka da ciwo, abin kunya ne, amma Inna ta wuce kowa. An ce ranar da ta haifi Balki ba wanda ya san tana naƙuda sai da aka ji kukan jaririya. An ce kunama ta taɓa harbinta a gonar gujiya, sai da ta kai ƙarshen kunya kafin ta faɗa. Saboda haka in Inna ta ce "ba ciwo", ba wanda ke ɗaukar maganar da wani nauyi, tunda ko da ciwon haka za ta ce.

Ana gobe ɗaurin aure, da la'asar, mata sun cika tsakar gida, wasu na yankan albasa, wasu na tankaɗe. Sai Gwaggo Tani, ƙanwar mijin Inna, ta nuna wani tsohon tabo a hannunta ta ce ai ƙwai ta fasa a kai shi ya sa bai yi muni ba. Abin da nake jira ke nan tun da na zo. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce kowa ta saurara.

Na ce ba a sa ƙwai a ƙuna. Ba a sa man goge baki, ba a sa gishiri, ba a sa tawada, ba a sa man shanu. Ruwa kawai, mai sanyi, a daɗe ana zubawa. Na ce ƙuna mataki uku ce. Ta farko a saman fata take tsayawa, wurin ya yi ja, ya yi raɗaɗi, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Ta biyu ta fi shiga ciki, ita ce ke yin bororo mai ruwa, ga azabar zafi, kuma ba a fasa bororon.

Gwaggo Tani ta ce, "Ta ukun hwa?"

Na ɗaga hannu kamar yadda malaminmu ke yi, na ce, "Wannan sai asibiti, ba za ku gane ba."

Gaskiyar magana ita ce ni ma ban gane ba. Na haddace ta da Faransanci saboda jarrabawa, na rubuta, na ci, amma ban taɓa ganinta da idona ba. A tunanina mutum zai zo ne baƙi ƙirin kamar gawayi, yana ihu ana riƙe shi.

Inna na gefe tana kwaɓa ƙullun fanke, tana kallona da irin kallon da uwa ke yi wa ɗa ya fara tafiya. Ta ce, "Ashe abin da munka sani na. Akwai wadda wuta tal lasa, da wadda tac ciza, da wadda tac ci."

Mata suka yi dariya. Ni kuwa na yi mata wani murmushi na tausayi, na ce, "To, Inna, kusan haka ne, amma ba haka ake faɗa ba." Allah ya yafe mini wannan murmushin.

Da safe aka ɗora babban kasko a murhu, aka cika shi da mai don suyar fanken baƙi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake hura irin wannan wutar: dogayen itatuwa ake turawa tsakanin duwatsu uku, kan yana ci, gindin yana miƙe a tsakar gida, ana ƙara turawa a hankali. Kuma kowa ya san tsallake su ake yi. Ni da na saba da murhun gas na fito cikin leshi da takalmi mai tsini, waya a hannu, ina ɗaukar hoton Inna tana suya don in nuna wa ƙawayena yadda ake biki a gida. Ina ja da baya ina cewa, "Inna, ɗago ki yi dariya," sai na taka gindin itace. Gindin ya yi ƙasa, kan ya yi sama, ya daki kaskon daga ƙasa.

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido ba. Na ga kaskon ya karkato wajena, na ji an hankaɗe ni da gwiwar hannu, na faɗi zaune. Inna ce ta ture ni, ta shiga inda nake tsaye, ta tare kaskon da tsumma. Man ya kwarara ƙasa. Ni kuma wasu ɗigo suka fantsamo mini a bayan hannun hagu.

Jama'a, na yi ihu. Irin ihun da ya sa maza suka bar tabarma a ƙofar gida suka shigo a guje, jakin maƙwabta ya amsa daga turke. Kuma kun san abin da likitar gari ta ce?

"Wayyo hannuna! A kawo ƙwai! Ku fasa mini ƙwai!"

Gwaggo Tani ta tsaya da ludayi a hannu, ta ce, "Likita, ba jiya kinka ce..."

"Ku kawo dai! Ko man goge baki ne!"

Inna ce ta tuna da darasina. Ta ɗebo ruwa daga randa a babban kwano, ta kama hannuna ta tsoma, ta ce, "Ruwa kinka ce, ruwa za mu sa. Yi shiru, ɗiyata, ga ni nan." Ta tsaya a kaina tana sauya ruwan, tana shafa mini kai, tana goge mini hawaye da gefen mayafinta. Mun daɗe a haka. Duk tsawon lokacin nan, bakin zanenta da ya sha tafasasshen mai yana manne a ƙafarta ta dama, ba wanda ya lura, balle ni da na rufe ido ina kiran sunan Allah da na uwata.

Sai can wata ta ce, "Dela, ƙahwarki hwa?"

Aka ɗaga zanen. Aka ce Likita ta duba. Na leƙa ta cikin hawaye. A saman ƙafar, daga idon sawu zuwa kusa da yatsu, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu, ya yi fari-fari, a bushe, kamar fatar da aka jeme. Gefensa ne kawai ya yi ja.

Na ce, "Inna, da ciwo?"

Ta ce, "Tsakiyar nan ba ni jin komi."

To, me kuke so in ɗauka? Inna ce fa, wadda kunama ma ba ta sa ta magana ba. Ga shi wurin bai yi baƙi ba, ba jini, ba ruwa. Na ja majina, na yanke hukunci a gaban mata fiye da ashirin: "Ko bororo bai yi ba. Mataki na farko ne. Ki zuba ruwa, zai wuce." Sannan na dubi nawa hannun, na ga wani ɗan bororo da bai fi ƙwayar wake ba, na ce, "Nawa kuwa mataki na biyu ne. Dole a kai ni asibiti."

Kawu Namata, ƙanen Inna, ya tayar da moto, wato babur ɗinsa. Inna ta ce ba za ta bar ɗiyarta ta tafi ita kaɗai ba, ta miƙa wa Gwaggo Tani suya, ta hau bayana. Haka muka tafi mu uku cikin rairayi da rana, ni a tsakiya na ɗaga hannu sama kamar ɗalibar da ta san amsa, Inna a baya ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da takalmana masu tsini, don na ce ba zan iya tafiya da su ba.

Ƙaramin asibiti ne, ɗaki uku da rumfa. Ranar awon jarirai ce, rumfar cike da mata. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne mai furfura da tabarau a kan hanci. Tun daga ƙofa Inna ta yi masa bayani da alfahari: "Ɗiyata ta. Ita ma likita ta, can birni take karatu." Sannan ta koma ta zauna a benci bakin ƙofa, ta ɗora takalmana a cinya.

Majo ya juya hannuna, ya duba, ya sake dubawa, har ya gyara tabarau kamar mai neman allura a ƙasa. Bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya ce, "Madmazel, wace shekara?" Na ce ta farko. Ya ce, "Madalla. An yi muku darasin ƙuna ke nan. Tunda ga mata sun taru, hwaɗa muna matakan nan ukku. Amma da Hausa, don su ƙaru."

Kun san ni. Zafin hannu ya tafi nan take. Na miƙe tsaye, ba takalmi, na fuskanci rumfa. Na faɗi na farko tiryan-tiryan. Na faɗi na biyu, har na ɗaga bororona don a ga misali. Mata na gyaɗa kai, Inna na gyaɗa kai fiye da kowa.

Majo ya ce, "Na ukku."

Wannan ban taɓa faɗarsa da Hausa ba. Sai na shiga jawo haddar Faransancin daga kaina, ina juya ta kalma bayan kalma. Na ce, "Na uku shi ne wanda wuta ta cinye fatar duka, har ƙasa. Wurin yakan yi baƙi, ko kuma ya yi fari. Yakan bushe, ya yi tauri kamar fatar jima. Ba ya yin bororo. Kuma ba ya..."

Muryata ta tsaya. Wata bakwai maganar nan na cikin littafina, amma sai a lokacin na ji ta.

Majo ya ce, "Ba ya mi?"

Na ce, "Ba ya ciwo. Don jijiyoyin da ke jin ciwon sun mutu."

Na juya wajen ƙofa. Inna na zaune, tana yi mini murmushi, tana jiran in ƙarasa a yaba mini. Zanenta ya ɗan ja sama. Ƙudaje sun taru a kan farin wurin nan suna yawo, ita kuwa ko motsa ƙafar ba ta yi ba, domin ba ta san suna nan ba.

Majo ya bi idona da kallo. Ya tashi ya je ya durƙusa a gabanta. Ya ɗauko tsinin allura ya taɓa tsakiyar wurin. "Inna, kina ji?" Ta ce a'a. Ya ƙara dannawa, ta ce a'a. Ya koma gefe inda ya yi ja, ya taɓa. Na ga ta runtse ido ta ciji leɓe, sannan ta ce, "Nan da ɗan zahi kaɗan." (Ɗan zafi kaɗan a bakin Inna, ku auna da kanku.)

Ya ce, "Tun yaushe? Wa ya duba ta?"

Inna ta yi saurin cewa, "Ba wanda yad duba. Ni ce ban gwada ma kowa ba."

Ƙarya ta yi don ta rufa mini asiri, a gaban Kawu Namata da ya ji komai da kunnensa. Wannan ya fi komai ƙona ni. Na ce, "Ni na duba, Majo. Na ce mataki na farko ne. Na ce ta zuba ruwa." Na tsaya a tsakiya, ba takalmi, da ɗan bororona a sama, ina fatan ƙasa ta buɗe.

Majo bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Wanke hannunki ki zo ki riƙe mini ƙahwar." Yana gyara wurin yana yi mini magana ƙasa-ƙasa, yadda mata ba za su ji ba: "Wadda ke sa mutum kuka, hwatar tana da rai. In kin ga ƙuna ta yi shiru, ita za ki ji tsoro." Da ya gama naɗewa ya ce wa Kawu wannan ta fi ƙarfin nan, yau ɗin nan za a wuce da ita babban asibiti, in aka yi wasa wurin ya ruɓe ana iya rasa ƙafar.

Inna ta ce, "Yau za a kai Balki ɗakinta. A bar ni in sallame ta, gobe sai mu tahi."

Majo ya ce, "Inna, ƙahwar ba ta jiran gobe."

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Idanun Inna suka cika da ƙwalla. Man da ya ci mata fata bai sa ta kuka ba, amma a ce autarta za ta bar gida ba ta dafa kanta ba, wannan ya sa.

Bayan la'asar, tana kwance a gadon asibiti a Dogon Dutsi, na kira Gwaggo Tani, aka kai wa Balki waya cikin lulluɓi. Na riƙe wa Inna wayar a kunne (wayar nan dai da ta jawo komai) ta yi wa 'yarta nasiha, ta sa mata albarka. Balki na kuka tana tambayar ƙafa, Inna na cewa, "Ba komi, ɗan mai na yat taɓa ni." Ni na juya fuska ga bango.

Mun daɗe. Daga nan aka tura mu wani asibitin da ya fi girma, aka kankare matacciyar fatar, daga baya aka ɗebo wata daga cinyarta aka dasa a wurin. Ban koma makaranta da wuri ba, sai da na nemi izini. Ni ke yi mata wanka, ni ke kai ta bayi, ni ke riƙe ƙafar in an zo wankin ciwon. Bororona kuwa ya warke cikin mako guda, ko tabo bai bari ba, na nema na rasa abin da zan nuna wa mutane. Sau da yawa na fara ba ta haƙuri, sai ta katse ni: "Itace na, ba ke ba. Da shi zuba miki a huska hwa? Wa za shi auri likita mai tabo?" Damuwarta ɗaya ce, damina na matsowa, wa zai shuka mata gujiya.

Wata safiya, ma'aikaciyar jinya ta bar ni in goge gefen wurin da kaina, inda sabon nama ya fara tasowa ja-ja. Na sa auduga a hankali. Sai Inna ta fizge ƙafa ta ce da ƙarfi, "Wash! Ke ɗiyar ga, kashe ni za ki yi?"

Na saki audugar. Na dube ta, ta dube ni. Sai na fashe da kuka ina dariya, na rungume ƙafar, ina cewa, "Tana ji! Inna, tana ji!" Matan gadajen kusa suka ɗauka na haukace. Ban taɓa jin daɗin kukan wani ba sai ranar.

Inna ta waiga dama da hagu, ta ja ni kusa, ta ce, "Kak ki hwaɗa ma kowa na yi wash."

Na riƙe mata sirrin nan shekaru, sai bara ta ce in faɗa in na ga dama, ta tsufa, ba ta da sauran kunyar kowa. Gujiyarta ta shuka a waccan daminar, a makare, tana dogara sanda. Yau tana tafiya da ƙafarta, da ɗan ɗingishi, da tabo mai sheƙi da take nuna wa jikoki ta ce, "Ga wadda wuta tac ci." In ina wurin sai ta kama hannuna ta juya, ta ce, "Ga kuma wadda tal lasa," alhali ba abin da ake gani.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Tibiri, kuma in ina koya wa mata matakan ƙuna, da kalmomin Inna nake koyarwa, sun fi na littafina shiga kai. Abokan aikina suna yi mini tsiya wai ina da wata ɗabi'a: in aka shigo da mutum yana ihu yana birgima, nakan ce masa sannu, yanzu zan zo, sai in wuce shi in je bakin ƙofa tukuna. Can nake zuwa in durƙusa, in ɗaga zanen wadda ta rako shi, wadda ke zaune shiru riƙe da takalmansa.